Ni Na Tona Asirin Shugaban Ƙungiyarmu, Wata Ake Zargi

Barkanku da war haka, Anti mai shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba wanke kaina na zo yi ba. Na san abin da na aikata, sanin ne ma ya hana ni zama wuri ɗaya. Sunayen da zan ambata duk ba na gaskiya ba ne.

Ni mace ce, a Samaru nake, aikina jinyar damuwa ta hanyar magana. Ba ma ba da ƙwaya, ba ma yin allura. Mutum zai zo ya zauna, wani ma ya kishingiɗa, ya yi ta faɗin abin da ke cinsa tun daga yarintarsa har mafarkin da ya yi jiya, mu kuma mu saurara har mu taya shi gano bakin zaren. Wanda bai iya riƙe sirri ba, ba shi da wurin zama a aikin nan. Mu da muke yinsa a Zariya ba mu da yawa, shi ya sa muke da 'yar ƙungiyarmu. Wasunmu malaman makaranta ne a Samaru, wasu kuma suna ganin mutane a ɗakunansu a Sabon Gari da Jushi. Wata-wata muke haɗuwa, kowa ya kawo matsalar da ta ɗaure masa kai ba tare da ya kama sunan mai ita ba, mu tattauna. Ni ce mataimakiyar shugaba.

Shugaban namu dattijo ne, Baba Dakta muke ce masa, kuma shi ya haɗa kanmu. Kafin shi, mu 'yan Samaru gani muke na Sabon Gari ba su yi zurfin karatu ba, su kuma suna cewa takarda kawai muka sani, ba mu taɓa zama da 'yar kasuwar da shagonta ya ƙone ba. Shi ya zaunar da mu a benci ɗaya. Ni kuwa shi ya koya mini aikin, shi ya koya mini yadda ake yin shiru a gaban mai kuka.

A farkon daminar nan, bayan mun tashi daga taro a Sabon Gari, ya ce in rage masa hanya. Muna tafiya ana yayyafi sai ya ce, "'Yata, ɗan tsaya a gefe. Ba da mataimakiyata zan yi magana ba, da mai sauraro zan yi." Na tsaya. Ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fara yi masa gardama. Ya ce ya taɓa kiran wata mai zuwa wurinsa da sunan wata, har ya fara maimaita mata mafarkin da ba nata ba kafin ya farga. Ya ce wata rana ya fito daga coci ya rasa wace kwana ce ta gidansa. Yana maganar yana murza gilashinsa da gefen riga, bai kalle ni ba. "Ina ganin likita," in ji shi. "Ki ba ni zuwa taron shekara, ni da kaina zan sauka. Ba na so a fitar da ni kamar tsohon kaya." Na ce, "Baba, maganar nan a motar nan ta tsaya." Haka na ce masa, da bakina.

Da zaɓen shugabannin ƙungiyar ya matso sai na ji wai wasu sun roƙe shi ya zarce, shi kuma ya amince. Ban sani ba ko ya manta alkawarin ne, ko kujerar ce ta yi masa wuyar saki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru ni ke shirya taro, ni ke bin mutane a waya, ni na tsara yadda za mu horar da masu tasowa ya ajiye shirin ya ce ba yanzu ba. Me ya hana ni zuwa gidansa in tuna masa? Me ya hana in ce, Baba, ka daina ganin mutane haka nan? Hanyar gidan na sani. Amma sai na tafi ofishin sakatarenmu, Malam Iliya, na rufe ƙofa na ce, "Akwai maganar da ta dame ni, amma tsakaninmu." Na zayyana masa komai, har da mafarkin. Na yi ta gaya wa kaina wai tausayin masu zuwa wurin Baba ne ya sa, kuma akwai wannan, ba na musu. Amma ni da aikina shi ne gano abin da mutum ke ɓoye wa kansa, yaya zan yi in ce ban san kujerar nake so ba?

Maganar ba ta tsaya wurin Malam Iliya ba. A taron da ya biyo baya wani matashin malami ya miƙe ya ce, "Baba, a gafarce ni, mun ji an ce kana haɗa labarin wannan da na wancan. Gaskiya ne?" Baba ya tattara takardunsa ya fita, ya bar hularsa a kan tebur. Ni na ɗauka na bi shi da ita, har ya ce mini na gode.

Zargi kuwa sai ya faɗa kan Madam Chika, 'yar ƙungiyarmu. Ita ce ɗakin aikinta ke jikin na Baba a Sabon Gari, kuma kowa ya san sun taɓa samun saɓani kan wata mata da ta bar wurinsa ta koma wurinta. Aka ce ai ta bango take saurare. 'Yan Samaru suka ce a dakatar da ita. 'Yan Sabon Gari suka ce don dai iyayenta daga kudu suka zo ne, in aka taɓa ta za su fita su kafa tasu ƙungiyar. Maganar har ta kai cocinsu, matan da ke zuwa wurinta wasu sun ɗauke ƙafa, wai ba ta riƙe magana. Ta zo har Samaru ta same ni, ta ƙi zama. Ta ce, "Sista, a garin nan aka haife ni, a nan na binne uwata. Ke kin san ni. Ko mijina bai san sunan mutum ɗaya da ke shiga ɗakina ba. Ki yi magana, ke suna jin taki." Na riƙe hannunta na ce ta yi haƙuri, gaskiya za ta fito. Wace irin mace ce ni?

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Baba ya kira ni gidansa. Na same shi a baranda, shayinsa ya huce bai sha ba. Ya ce, "'Yata, ki taimake ni da wani abu. Ni a sanina ke kaɗai na gaya wa, ke kuma na san ba za ki faɗa ba. To ko na gaya wa Chika ne na manta?" Ya zuba mini ido yana jira, kamar yaron da ke tambayar hanya. Jama'a, cewa na yi, "Wataƙila, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe abin ya kai haka." Na bar dattijon nan yana zaton ciwonsa ya fi yadda yake, don kawai in tsira. Da na shiga mota kasa tayar da ita na yi. Jiya ma wata na gabana tana ba ni labarin mahaifinta, ni ban ji rabin abin da ta ce ba.

Ranar Asabar za a zauna. Ni aka naɗa in jagoranci kwamitin da zai duba maganar Madam, kuma ɓangarorin biyu sun ce ni suke so in zama shugaba a madadin Baba, wai ni ce ba ni da gefe. Malam Iliya ya ce in rufe bakina, in na hau sai in sasanta kowa a hankali, in kuma na yi magana shi ma na jefa shi cikin matsala. In na faɗi gaskiya, wa zai sake kawo mini damuwarsa a Zariya? 'Yan Sabon Gari za su ƙara zama da mu bayan sun ji 'yar Samaru ce ta yi, ta kuma bari aka ɗora wa tasu laifin? In na yi shiru, da wane ido zan zauna ina yi wa Madam tambayoyi? Ga Baba har yau yana ganin mutane. Shi zan fara samu, ko ita, ko in miƙe a gaban kowa in faɗa sau ɗaya in huta?

Don Allah wanda ya taɓa riƙe amanar mutane ya ba ni amsa kafin Asabar. Me zan yi?