Ba Ni Na Ƙona Ƙwayar Hasken Ba

Zuwa ga Manajan masana'antar jakunkuna da takalma da na yi wa aiki a Sharada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe.

Tun ina gyaran injin saƙa a Bompai, lokacin da jiniyar tashi kan cika titi da kekuna har a rasa wurin taka ƙafa, na ji ana cewa za a ƙera injin da ke yanka da haske, kuma zafin kansa ne ajalinsa. Na yi dariya. A zamaninmu bayan hannu muke ɗora wa inji mu san lafiyarsa, kamar uwa da goshin ɗanta. Sai ga shi na tsufa a gaban injin leza mai yanka fata, har kun sallame ni a kan wai na ƙona shi. Ga hujjojina.

Na farko: ƙwayar da ke ba da hasken ba ta kai ƙwayar gero ba. Zafi a tsakiyarta yake taruwa, ya bi tagullar da take zaune a kai, ruwa ya kwashe. Hannu ba ya jin wannan. Na ɗora nawa, na ji sanyi ƙalau.

Na biyu: waɗanda suka ƙera injin sun aiko da taswirar zafi da kwamfuta ta lissafa, ja a tsakiya, shuɗi a gefe. Injiniya Rabi, da ke kula da injinanku, ta nuna mini cewa da ruwa mai sanyi aka yi lissafin. Kwamfutar ba ta taɓa yin bazara a Kano ba.

Na uku: da kuka buƙaci ɗakin baje kaya, kun sa an fitar da tankin ruwan sanyaya injin zuwa bayan bangon yamma. Zuwa la'asar ruwan sai ka ce na shayi.

Ba na neman komawa, gwiwoyina sun riga ku sallamata. Ina roƙon a sake lissafin da ruwan la'asar, a mayar da tankin inuwa, a cire kalmar sakaci daga takardar sallamata. Jikokina sun iya karatu.

Maganar nan cewa zafi ne ajalin injin, wanda ya faɗa mini ita na ƙarshe ku ne, Alhaji, ranar da aka kafa injin, kuna gargaɗina kada ruwansa ya ga rana.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sanyaya kasuwa da zuciya.

Wassalam.
Malam Hamisu Makaniki, Kumbotso.