Yafiyar da Aka Yi Ina Sume

Zuwa ga Babban Lauya mai kula da ofishin taimakon marasa hali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Ilyasu mai ɗinkin riga daga Limancin Kona. Na zo ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na biyo ta jarida. A yi mini afuwa.

Da daminar bara ina kan kekena zan kai wa wani malami rigarsa a unguwar Kongo nan Zariya, sai motar wani kamfanin dakon kaya ta kwashe ni. Haka aka gaya mini. Ni dai na fita gida ana shuka, na dawo hayyacina a asibiti gero ya kai gwiwa. Likita ya ce ƙwaƙwalwata ce ta bugu.

Na ɗaya. Ina kwance ban san inda kaina yake ba, mutanen kamfanin suka zo zaurenmu da dattawa suka yi jaje. Yayana, Alhaji Sule, ya yi abin da duk ɗan birni mai mutunci zai yi, ya ce ƙaddara ce, mun yafe. Aka shafa fatiha, aka je wurin 'yan sanda aka kashe maganar. Ban ga laifin Yaya ba. A lokacin likkafani yake tunani, kuma da na mutu, yafiya ta magada ce. To, ban mutu ba.

Na biyu. Akawun ofishinka ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba sanda ba karaya, ya ce in gode Allah na warke. Allah kuwa na gode masa, tun kafin akawu ya tuna mini. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun ina yaro nake ɗinkin aska tara a wuyan riga. Yanzu in na ɗauki allura sai zare ya zama biyu a idona, kafin in kai rabi na manta inda na dosa. Masu kawo mini aiki sun janye ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Rannan na dawo daga sallar la'asar na kasa gane lungun gidan da aka haife ni. Na daka wa 'yata tsawa a kan ƙarar rediyo, abin da ban taɓa yi ba, har yau in na shigo sai ta rage murya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na uku. Akawun ya ce ko an shigar da ƙara ba ni da ta cewa, tunda ban tuna komai ba. Nan kam sai da na yi dariya. Ashe wanda ya buge ka har ka manta ya fi tsira a kan wanda ya yi maka ƙwarzane. In haka doka take, a gaya mana mu sani.

A unguwa ana cewa in na ta da maganar nan na sa Yaya ya lashe amansa a gaban dattawa. Na daɗe ina juya wannan a raina, don ina jin nauyinsa ƙwarai.

Roƙona shi ne a haɗa ni da lauya mai haƙuri, don maganata yanzu ba ta sauri. A nemi bayanin likitan da ya duba ni. A gaya mini ko yafiyar da aka yi ina sume ta hau kaina. Sannan a kira mai kamfanin da direbansa, waɗanda har yau ban taɓa ganin fuskarsu ba, su zauna a gabana su ga abin da ya rage. Wataƙila ni ma in yafe, kamar Yaya. Amma ina so ta fito daga bakina, ina farke.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kiyashe ka ranar da za a yanke magana a kanka kana raye ba a tambaye ka ba.

Wassalam.

Ilyasu mai ɗinkin riga,
Limancin Kona, Zariya.