Ɗankwalin Rahama

Kokoro, Bangui
4 ga Maris

Zuwa ga Dada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Maraɗi? Mu nan da sauƙi, sai haƙurin da kika ce mu yi.

Dada, yau wata biyar da zazzaɓi ya ɗauke mana autarmu Rahama, tana shekara goma sha shida, amma har yanzu ban ga hawayen mahaifinta ba. Malam Mika'ilu ya daina karɓar aikin tagogi a shagonsa na Titin Koudoukou. Guntayen gilashin da yake zubarwa a da, su yake kwasa a buhu ya kai wurin maƙera masu zubin tukwane a unguwar Yakité, ya wuni a bakin wuta. Yana dawowa da ƙuna a yatsu, ya ci abinci ya kwanta. Mata sun fara cewa gunki yake ƙerawa. Na tambaye shi, ya ɗau buhunsa ya fita.

Ni kaɗai nake makokin nan. Idan kin yarda, zan taho gida in huta.

'Yarki,
Ummuhani

Kokoro, Bangui
29 ga Afrilu

Dada,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na samu saƙonki cewa in je in gani da idona tukuna. Na je.

Na tarar da shi durƙushe, kewaye da fasassun abubuwa shuɗaye. Ba gunki ba ne, Dada. Ɗankwali ne. Yana gina siffar ɗauri da yumɓu, ya ɗora gilashi, wuta ta narkar da shi ya kwanta kamar yadi. Ya yi sun fi ashirin, duk ya fasa su da hannunsa. Da ya ganni bai tashi ba. Ya ce ya manta yadda Rahama take ɗaurinta, ko hagu take karkata shi ko dama, kuma kunya ta hana shi tambayata. Uba ne shi, ya ce, ta yaya zai manta?

Na cire nawa a gaban maƙeran nan, na ɗaura irin nata, da 'yar jelar da take bari a bayan kunne. Sai ya rufe fuska. Kukan da ya yi, har maƙeran suka fita suka ba mu wuri.

Ɗankwalin ƙarshe ya fito daga wuta jiya. Ya tsage kaɗan wajen hucewa, na hana shi fasawa. Yana kan tagar ɗakinta.

Tafiyata sai bayan Sallah, kuma tare za mu zo. Ya ce in tambaye ki: kitson da kika yi mata zuwanmu na ƙarshe, shuku ne ko kalaba? Mun yi ta gardama, ashe ni ma na manta. Don Allah ki tuna mana.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Ummuhani