Zaren Sharfuddeen Ya Shiga Ruwa

Kaoje, Kebbi.

Zuwa ga yayana Sharfuddeen,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Inna na gaishe ka.

Zaren da ka aiko ya iso, wanda kuke haɗawa a makarantarku don ya kwaikwayi na gizo-gizo. Baba ya sa haƙori ya ja har dasashinsa ya yi jini, zare ko gezau. Ya saƙa kalli, ragar kamun kifi, da shi, yana yawo da shi bakin ruwa yana nuna wa masunta aikin ɗansa. Har 'yan Benin masu zuwa sayen busasshen kifi bai ƙyale ba. Fahari dai kamar shi ya yi karatun.

Abu guda ke damuna. Ka san Baba in kalli ya maƙale a saiwa, nutsewa yake ya ɓalle, kuma bai taɓa shiga da wuƙa ba. Wai in zare ya naɗe masunci, fizga ɗaya yake ya tsinke, haka sunka gada. Na yi magana, ya yi mini dariya.

Ka ce in rubuto maka inda zaren ya fara tsinkewa. Zan duba.

Ƙanwarka,
Riskuwa.

Zuwa ga yayana Sharfuddeen,

Bayan gaisuwa, ina fatan wasiƙar nan ta same ka a zaune, cikin ƙoshin lafiya.

Ran Talata kallin ya maƙale ƙasan Kaoje. Baba ya tuɓe riga ya shiga yadda ya saba. Hamma maƙwabcinmu na cikin jirgin Baba, ya ga ruwa na motsi, ya ɗauka babban kifi ne. Sai la'asar anka ciro Baba, kallin naɗe da shi har wuya, yatsunsa duk sun yanke. An yi jana'iza kafin magariba. Allah ya jiƙansa.

Inna ta ce a faɗa maka zazzaɓi ne. Ba zan iya ba. Ban ɗora maka laifi ba, Yaya, amma na kasa kallon yanar gizo-gizo a ɗaki.

Masunta uku sun zo gaisuwa, kowanne kafin ya tashi sai da ya tambayi ko akwai sauran zaren.

Na duba kallin ido-ido kamar yadda ka ce. Babu inda ya tsinke.

Ka zo gida.

Ƙanwarka,
Riskuwa.