Kifayenka, Autan Inna

Zuwa ga ƙanena Ilyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Ubangiji ta iske ka inda kake, yayarka Hadiza ce daga Agadas.

Kai dai tun kana ɗan makaranta a lakkol ba ka jin magana. Yaron da bai san ruwan da ya wuce ƙoramar Telwa ba, wai shi ne zai tafi Dakar karatun kifi! Kifin ma ba na miya ba. Wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su kai yatsa ba, suna kwance can gindin teku, ko suna ba su da shi a Hausa. Na ce wa ya aike ka? Ka yi dariya, ka ce su ma bayin Allah ne, ba wanda ke zuwa gaishe su.

Ka je, Ilyasu, ba ka dawo ba. Abokan aikinka sun ce tare kuka nutsa, suka fito babu kai. An nema har an gaji.

Inna ta ƙi yarda. Kawu ya zo a shimfiɗa tabarmin gaisuwa, ta kore shi. Ta ce ita ba ta san mutuwar da babu ƙasa a cikinta ba, ɗanta bai kwanta ba tukuna. Ta bar abinci, sai shayi. Wallahi na tsorata, na ga zan rasa ku biyu.

Jiya da dabara ta ƙare mini, na buɗe mata bidiyon da ka taɓa aiko mini a salula. Ta ga ɗan kifin nan ya kaɗa jiki, rairayi ya lulluɓe shi, sai idanu. Ta matso da fuskarta, ta tambaye ni ko rairayi ne. Na ce rairayi ne, Inna, irin namu. Can ta ce, "Ashe akwai ƙasa a can. To, ta rufa masa asiri. Kira kawunku."

Yau ƙofar gida cike take da masu gaisuwa, Inna har ta taɓa tuwo. Ni ce na kasa haɗiye ko ruwa. Ashe a bayan taurin kanta nake fakewa. Muddin tana jiranka, ni ma ina jira. Da hannuna na raba mu da wannan jiran, kuma zuciyata ta karye, ƙanena.

Allah Ya sa rairayin nan ya yi maka taushi, Ya kai haske makwancinka, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Wadda ta goya ka,
Hadiza