A Bar Mana Malam Hamadu Bakin Ƙofa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke gadin masana'antar auduga, Garuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Hajara, mahaifiyar Ladidi mai gadi a babbar ƙofa. Da girmana na koyi rubutu, a yi haƙuri da hannuna.

Na farko, godiya. Kun ɗauki mata aikin da a da sai maza. Har yau idan Ladidi ta sa kaki ta hau moto, wato babur, gabana faɗuwa yake, amma Allah Ya saka muku.

Na biyu, ga abin da ya faru. Da aka kai ta ƙofa, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ba sa tsaya mata. Ta ɗaga hannu, su wuce ta su je wurin namijin da ke gefenta. Wani ya kusa take mata ƙafa. Ta dawo gida tana kuka, ni kuwa na ce ta ajiye aikin.

Malam Hamadu, dattijon da suke aiki tare, shi ya hana. Bai yi faɗa da kowa ba. Da ya hango kamiyo sai ya koma benci ya zauna, ya naɗe hannu. Direba ya gaishe shi, ya amsa, ya nuna masa Ladidi. Ba a ɗaga sandar ƙofa sai ita ta duba kaya ta ce a ɗaga. Kafin kakar auduga ta ƙare, direbobi sun koyi taka birki a gabanta, samarin masu gadi ma sun fara yin yadda yake yi.

Na uku, kukana. Shef ɗinsu, mai kula da masu gadi, ya zo zagaye, ya tarar da Malam Hamadu zaune mace na tsaye, ya ɗauka lalaci ne. An ce za a mayar da shi garin Touboro, nesa da iyalinsa. Tun da labarin ya bazu samarin sun daina zama, jiya kuma wata kamiyo ta sake wuce Ladidi.

Ranka ya daɗe, ina roƙo a janye wannan hukunci, a kira shi a ji ta bakinsa. In da hali, a sa shi ya koya wa sauran maza. Zaman nan nasa aiki ne, shi ya sa 'yata take dawo mini da ƙafafunta biyu.

Allah Ya ƙara muku lafiya da adalci, Ya tsare duk wanda ke tsaye a ƙofofinku.

Wassalam.
Hajara, uwar Ladidi, Garuwa.