Amsar da Ka Ɗaure da Jan Zare

Agege, ranar Litinin

Zuwa ga Habila, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar Legas ta tsaya tsaka, ruwan farko da ke sauka kan kwanon ɗakina bayan zafin watan Maris, mai muryar da nake iya tsinta ko cikin hayaniyar kasuwar Mile 12 gaba ɗayanta. Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ka ga na jera maka kirari tun daga layin farko yadda masoya suke yi. Ka riƙe su da kyau. Kowannensu gaskiya ne, kuma za ka buƙace su kafin ka kai ƙasan takardar nan.

Ina sonka. Na faɗa da wuri ne, domin kwanan nan na gano ba kasafai kake kai karatu ƙarshe ba.

Ka tuna Lahadin nan, mako tara da suka wuce? An tashi daga sujadar Hausa, iyaye mata suna ta gaisawa a bakin ƙofa, mu biyu muna kan benci ƙarƙashin mangwaron coci. Ka saka farar rigar nan da ba ka sakawa sai da babban dalili, gumi yana bin wuyanka, kai da kake tsayawa gaban direbobin tirela goma ba ka ƙifta ido. Ka buɗe baki sau uku, jirgin ƙasa ya wuce ya cece ka sau ɗaya, sannan ka tambaye ni ko zan aure ka. Wayyo, Habila! Da ka san abin da ƙirjina ya yi a lokacin, da ba ka ƙara shakkar komai ba har abada. Amma ka san halina. Na gyara ɗankwali na ce maka amsarka tana hanya, ka ci gaba da karatunmu kawai. Aka kira ka kwashe kujeru, ka ajiye Littafi Mai Tsarki naka a kan cinyata, ka tafi.

Karatun namu kuwa kai ka kawo shi, ba ni ba. Tun farkon haɗuwarmu ka ce mu riƙa karanta sura ɗaya kowace safiya, kai a Ketu ni a Agege, sannan kowa ya aiko wa ɗan'uwansa abin da ya tsinta. Saƙonninka na lokacin ina da su har yanzu. Cike suke da kuskuren rubutu da tambayoyi masu wuya. Wata safiya ka rubuto cewa ba ka yarda da abin da Bitrus ya yi ba sam, kamar maƙwabcinka ne. A kan waɗannan saƙonnin na kamu da sonka, tun kafin farar riga.

Sai suka canza. Hotuna suka fara zuwa: fure, farar kurciya, rana tana fitowa bayan wani dutse da ba na ƙasar nan ba, da aya a tsakiya da haruffan zinariya. Masoyina, shekara shida ina koyarwa a sakandare. Daga nesa nake gane aikin da aka kwafa. Wata ranar ma hoton da ka turo mini da sunan wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa a ƙasansa. Na yi shiru, na ce lokacin tumatir ne, motoci suna isowa tun asuba, zai dawo.

Alhaji Isah, ubangidanka, shi ya fara tsaga mini shirun. Na je sayen attaruhu ba ka nan, ya sa aka ba ni kujera, ya ce, “Malama Liyatu, mutumin naki lafiya kuwa? Da, in na idar da sallar asuba na zauna da nawa karatun, sai in hango shi kan buhu da nasa. Yanzu waya kawai yake latsawa. Ni dai na fi natsuwa da shi lokacin da yake buɗe littafinsa.” Ka ji fa. Dattijon da ba addininku ɗaya ba ya yi kewar karatunka kafin kai ka yi.

Jiya kuma na gani da idona. Da zazzaɓi ya hana ka zuwa sujada, ni da yayarka Mariamu muka kawo maka farfesu. Kana zaune a baranda, ita tana kakkaɓe maka gado, ta ɗaga matashi sai ta daskare. “Ke Liyatu, zo ki ga ikon Allah! An ɗaure Maganar Allah kamar ƙunshin daddawa!” Littafinka ne, an naɗe shi da jan zare ta kowace fuska, ƙulli bakwai, da 'yar kwalbar mai a gefensa. Ba mu ce maka komai ba saboda jikinka. A danfo, motar hayar da muka shiga ta komawa gida, ta gaya mini sauran, wanda ta ji a bakin abokan aikinka: ka je Ikorodu wurin wani mai kiran kansa annabi, mai farar riga har ƙasa, ka kai kukan cewa yarinyar da kake so ta ƙi ba ka amsa. Ya ce an rufe mini baki ne. Ya ɗaure littafin da hannunsa, ya ce ka riƙa kwana a kansa, kada ka kuskura ka buɗe har sai na amsa, don kada ƙarfin ya fita.

Habila, hasken safiyata, amsar tana cikin littafin.

Ran nan da ka tafi kwashe kujeru, na ciro fensir daga jakata, na buɗe Bisharar Luka surori da dama gaba da inda muke, na rubuta ta a gefen shafi da ƙananan haruffa. Na yi lissafi a raina: kafin mako uku zai iso nan wata safiya, shi kaɗai da Allahnsa, ya same ni ina jiransa a bakin aya. Na ɗauka na yi dabara mai kyau. Kowace safiya ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mako uku suka cika, kurciya ta zo. Mako shida, wata kurciyar. Kai kuma kana ta tambayata, da idanun nan naka masu narkar da dutse, yaushe zan amsa, kana rantse mini cewa ba ka taɓa tsallake sura ba. Wane irin ciwo ne wannan, mutum ya yi maka ƙarya da fuskar da ka fi so a duniya? Yanzu ga shi mako uku kana kwana da kanka a kan amsar, kana roƙon Allah ya kawo ta!

Na yi dariya a danfo har kwandasta ya juyo. Da na isa ɗaki na yi kuka.

Zaren alamar littafin ya leƙo ta ƙarƙashin ƙullin, kuma na san wurin: sura ta huɗu, inda muka tsaya. Da ka juya shafi ɗaya tak, da ka ga Ubangiji a jeji, da yunwa, mai jaraba yana kawo masa shawarwari masu kama da hikima, har da aya a bakinsa. Da me ya kore shi? Da abin da ya sani yana rubuce. Kai ka je jejinka ba komai a hannu, na farkon da ya yi maka magana da babbar murya ka bi shi. Mutumin da yake karatu kowace safiya, ranar da aka ce masa ya rufe Maganar Allah don ta yi aiki, tashi zai yi ya nemi takalmansa.

Kai ne fa ka koya mini cewa kwandon tumatir daga ƙasa yake fara lalacewa, saman yana ja yana sheƙi, shi ya sa kake buɗe kowanne da safe ka sa hannu har ciki. Me ya sa zuciyarka ce kaɗai ka bari a rufe? Ni ma akwai safiyar da nake karantawa ban ji komai ba, idona a shafi hankalina a kan ajin da ke jirana. Amma a shekarata ta biyu a jami'a, da Inna ta rasu, addu'a ta ƙi fita daga bakina wata huɗu cur, surar nan ɗaya ta safe ce ta riƙe ni har na dawo. Ina tsoro, Habila. Aure yana da jejinsa. Ranar da ciwo ya ƙi jin magani, ko haihuwa ta yi jinkiri, wa za ka kai wa gidanmu ya ɗaure?

Ranar Asabar Baba zai iso daga Malumfashi. Shekara talatin yana aikin bishara, kuma tambaya ɗaya yake wa duk wanda ya zauna gabansa, daga bishop har mai gyaran famfo: “Ɗana, yau me ka karanta?” Ba ya tambayar albashi ko dangi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba zan kuma zauna ina kallo kana yi masa ba. Ko in gabatar da kai ranar, ko in ce masa babu kowa tukuna.

Saura safiya biyar. Ka nemi reza ka yanke zaren da hannunka. Ka fara daga sura ta huɗu, ka bi su a jere, huɗu ko biyar a rana. Kada ka kama littafin ka girgiza, babu takardar da za ta faɗo. Kada kuma ka yi ta fiffika shafuka kana leƙen gefe, domin zan tambaye ka abin da ya faru kafin wurin da bayansa, kuma ka san ba a yi mini satar amsa. Idan ka iso, kada ka turo fure. Ka rubuto da mummunan rubutunka, da tambayoyinka masu wuya.

Zuciyata taka ce, yau da gobe, ko ka yanke ko ba ka yanke ba. Wannan ba ni da iko a kansa. Amma hannuna, da fensir na ba da shi, kuma malama ba ta rabuwa da magogi a jaka. Ina roƙon Allah dare da rana ya tsufa a can bai taɓa shafinka ba.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ta amsa tun mako tara,
Liyatu